Fashin Sallar Ƙarya

Lahadi, 9 ga Maris, 2025

Azumi ya miƙa, ɗinkin salla ya fara tsirowa a shago kamar ciyawar damina. Baƙon wata kuma shiru. Ni da al'adata ba ta saɓa lokaci. Ba zan sa rai ba. Na faɗa, na kuma rubuta.

Talata, 11 ga Maris

Liatu, mai shagon magani kusa da nawa, ta ce ba kowane jinkiri ne ciki ba. Azumi na kawo shi, rashin barci, ramewa, damuwa, har wannan zafin na Bauchi da ke narkar da mutum a kan keken ɗinki. Duk ina da su, na ce mata. Ta ce to in karɓi abin gwaji mu huta. Na ƙi. Bara ma haka aka yi: jinkiri kaɗan, Dada, uwar mijina, ta baza wa 'yan'uwanta na Miri cewa bayan shekara shida Allah ya dube mu. Sai jini ya zo. Ni na daure, ita ce ta yi kwanaki ba ta cin abinci. Ba zan sake sa tsohuwar nan kuka ba.

Alhamis, 13 ga Maris

A gidanmu ba a ɓoye fashin salla, buta ɗaya muke alwala da ita. Da la'asar Dada ta dube ni ina ɗaura zane, irin kallon nan nata na lissafi. Kafin ta buɗe baki na ce ai yau na fara fashi. Ƙarya cikin azumi, Allah na tuba! Na kulle ɗaki na yi sallata.

Juma'a, 14 ga Maris

Na jawo wa kaina. Da safe ta cika min kwano da ɗumamen tuwo, wai mara azumi ba ta zama da yunwa. Na kai shago, Liatu da yake Kirista ce ta cinye tana yi min dariya har da sa albarka. A gida mijina Hafizu kaɗai ya san gaskiya. Shi ke shigo min da sahur ɗaki kamar mai fasa-ƙwauri, yana murmushin da na hana shi yi.

Asabar, 15 ga Maris

Warin man keken ɗinki yau ya tayar min da zuciya. Zafi ne.

Litinin, 17 ga Maris

Asiri ya tonu, kuma a kan miyar taushe.

Muna haɗa buɗa-baki sai Dada ta miƙo min ludayi, ta ce tunda ni ce ba na azumi, in kurɓa sosai in ji mata gishiri, ban da ɗanɗanon bakin harshe. Na tsaya riƙe da ludayi kamar an dasa ni. In kurɓa, azumina ya tafi. In ƙi, ƙaryata ta fito. Na fara kame-kame wai mura ta kashe min baki.

Ta karɓe ludayinta ta ci gaba da juya miya, ko kallona ba ta yi ba.

"'Yar nan, ni na haifi Hafizu. Yaron da ko kofin shayinsa ba ya ɗaukewa, shi ne zai riƙa jigilar kwano da asuba?"

Na ce tsoro nake ji kada a maimaita na bara. Sai hawaye.

"Bara bakina ne ya yi sauri, ba cikinki ne ya yi laifi ba. Bana na ɗinke shi. In akwai, namu ne. In babu, ke ɗin dai tamu ce."

Miyar kuwa gishiri ya yi mata yawa, muka sha a haka muna dariya.

Laraba, 19 ga Maris

Na karɓi abin gwajin. Layi biyu. Na sake dubawa a bakin taga ko idona ne, suna nan. Liatu ta rungume ni tana "Yesu na gode", ni ina alhamdulillahi, har mai goro ya leƙo ya ga ko lafiya. Ta ce kada in tsaya a nan, in je asibiti a tabbatar, a kuma gaya min yadda zan yi da sauran azumin. Daɗi nake ji. Daɗi sosai, har yana ba ni tsoro.

Asabar, 22 ga Maris

Asibiti sun tabbatar. Hafizu ya dawo da ni gida Tirwun a babur yana tafiya kamar ya ɗauko ƙwai, har masu keke na wuce mu. Dada ta cika alkawari, ba ta gaya wa kowa ba. Sai dai duk wanda ya shigo gaishe ta, sai ta ce ya yi mata barka, in ya tambayi ta me, ta ce ta shan ruwa.

Juma'a, 28 ga Maris

Na sallami ɗinkin mutane, saura nawa. Har yanzu ban ce na sa rai ba, sai abin da Allah ya yi. Na yanka atamfata ta salla ɗazu. Wajen ƙugu na ɗan bar wuri, yadda za a iya buɗewa nan gaba. Yadin ne ya yi yawa, kuma ba kyau a yi asararsa.