Ƙafar Gada a Kwarin Ɗorawa

Zongo, Kwatano
Maris, 1979

Zuwa ga ƙanena Abdulwahid,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Inna tana gaishe ka. Ta ce tunda ka zama kamarad, ma'aikacin gwamnati mai awon hanya, wasiƙa ta yi maka nauyi, sai dai mu ji labarinka a bakin masu shanu.

Su ɗin ne suka kawo abin da ya sa na ɗauki biro. Garken Idrisu Maishanu ya iso shekaranjiya, mutanensa suka ce sun ga katafila a Kwarin Ɗorawa, an ce babbar gadar sabuwar hanyar arewa ta nan za ta haye. Ka san a kwarin nan Baba ya rasu yana koro shanu, kana goye lokacin, kuma a nan abokan tafiyarsa suka binne shi. Tun da Inna ta ji ba ta ci abin kirki ba. Roƙonta ɗaya ne, kada a tone shi. Ta ce kai ne mai kafa turaku, sai ka kafa su nesa da ubanka.

Na ce mata aikin gwamnati ba shago ba ne da za a matsar da tebur. Ta ce in rubuta kawai, ga shi na rubuta.

Allah ya tsare.
Yayarka, Zainabu

*

Shantiyen Kwarin Ɗorawa
Afrilu, 1979

Yaya Zainabu,

Bayan gaisuwa da ladabi gare ki da Inna, wasiƙarki ta same ni a nan shantiye, wurin aikin gadar.

Bari in yi miki bayanin aikin don ki fahimtar da Inna. Kwarin yana da faɗi da zurfi, da damina kuma ruwa yakan cika gindinsa. Saboda haka hanyar ba za ta sauka ciki ba, za ta wuce ta sama a kan dogayen ƙafafu na kankare da rodi. Kowace ƙafa sai an haƙa mata rami har a tarar da dutse. Mafi yawansu a cikin rafi suke, babu ruwansu da kowa. Wadda ta dame ni ita ce ta tudun kudu, kusa da tsohuwar hanyar shanu, inda nake zaton Baba yake.

Zane ya ba ni damar gusar da ita kaɗan idan ƙasa ta buƙata, kuma shef ɗinmu, wato shugaban aikin, yakan sa hannu a kan abin da na auna. Amma ba zan ambaci kabari a biro ba, wato ofishinmu. Kwamitin juyin juya hali yana nan, kwanan baya ma ya sa an sare wata bishiya da mutanen ƙauye ke girmamawa, wai yaƙi da camfi.

Na zagaya tudun sau da yawa. Kin san mutanenmu ba sa gina kabari, ciyawa ce kawai da tsakuwa. Na ji kunya ina tsaye da na'urar awo ban san inda ubana yake ba. Ki nemo mini wanda ya halarci jana'izar, kafin ruwa ya sauka a fara haƙa.

Ƙanenki, Abdulwahid

*

Zongo, Kwatano
Afrilu, 1979

Abdulwahid,

Gaisuwa. Mun gode da darasin kankare, Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko ka ce e ko a'a.

Cikin waɗanda suka binne Baba mutum ɗaya ya rage, Baba Hamma, wanda ke zaune wurin 'yarsa a unguwar Akpakpa, ƙetaren ruwa. Na haye na same shi. Ƙafarsa ta yi rauni, amma kansa garau. Da na ce za a kai shi Parakou a jirgin ƙasa, ya ce shi da ya taka hanyar nan da ƙafa har gashinsa ya yi fari, yau za a zuba shi a akwati. Ya dai yarda. Ranar Talata zai taso, ka tarye shi a tasha, kuma kada ka ba shi abincin gwangwani.

Gwaggo Dijatu ta ɗakin da ke kallon namu ita ke zama da Inna idan na tafi kasuwa. Tana gaishe ka, ta ce har yanzu ba ka aiko mata da man shanun da ka yi alkawari ba.

Allah ya kai shi lafiya.
Zainabu

*

Shantiyen Kwarin Ɗorawa
Mayu, 1979

Yaya Zainabu,

Bayan gaisuwa, Baba Hamma ya iso lafiya. Na ce wa mutanen shantiye kawuna ne ya zo ganina.

Da safe muka hau tudun. Bai yi wani lalube ba, ya dubi rafi, ya dubi gabas, ya je ya tsaya ya ce, "Nan muka sa shi." Yaya, turken da na kafa da hannuna yana kan wurin. Na tsuguna na yi kuka, wanda rabona da shi tun ina lakwal, makarantar boko.

Da na natsu na nuna masa inda zan mayar da ƙafar. Wuri ɗaya ne kawai zai yiwu, gaba kaɗan, domin bayan nan dutsen ya nutse, ƙasar ba za ta ɗauki nauyi ba. Ya dubi wurin, sannan ya ce, "Ɗana, ai ba shi kaɗai ba ne a nan." Ashe masu koro shanu, duk wanda ya rasu a wannan zangon, kan tudun suke kai shi, saboda nan ne ruwa ba ya hawa kuma ƙasa ba ta zaizayewa. Abin da suka nema shi injiniyoyi suka nema. Na tambaye shi wa ke kwance a ɗaya wurin. Ya ce Malam Lawal ne, mijin Gwaggo Dijatu, wanda zazzaɓi ya kayar bayan Baba da damina biyu.

Ga yadda abin yake. Idan na bar turken, za a tone Baba. Idan na gusar, za a tone Malam Lawal, kuma ba wanda zai sani sai ni da Baba Hamma, shi kuwa ya ce bakinsa a rufe yake. Raina yana ga gusarwa, ba zan ɓoye miki ba. Amma na kasa sa hannu. Mai haƙa zai iso tudun ƙarshen wata. Ki karanta wa Inna wannan ita kaɗai, abin da ta ce shi zan yi.

Ƙanenki, Abdulwahid

*

Zongo, Kwatano
Mayu, 1979

Abdulwahid,

Gaisuwa. Na karanta mata. Ta daɗe tana kallon ƙofar Gwaggo Dijatu, sannan ta ce in rubuta haka:

"Ka bar turken inda yake. Dijatu ba ta da ɗa mai awo, ba ta da ɗa ma ko ɗaya. Ubanka kuwa yana da kai. Kada ƙarfen katafila ya taɓa shi. Kai da Hamma ku ɗauke shi da hannunku, ku kai shi maƙabartar gari, ku sa liman ya yi addu'a."

Ƙullin da wani direba mai suna Tidjani zai ba ka tare da wannan takarda farin yadi ne. Likkafaninta ne da ta ajiye a ƙasan akwati, ta ce ka naɗe shi a ciki.

Ba mu gaya wa Gwaggo Dijatu komai ba. Yanzu haka suna tsakar gida ita da Inna suna tsinkar alayyafo.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.
Yayarka, Zainabu