Garin Azurfa da Kunun Inna

Daren Talata, Umdurman

Tun da na sa haƙoran roba, ganɗata ta daina jin zafin abinci. Jiya na ɗanɗana kunun Inna, na ji kamar ya huce, na ba ta, ya ƙona mata baki. Sai hawaye suka zubo mata.

Likita a Khartum ya ce za a gauraya robar da garin azurfa, zafi ya riƙa ratsawa.

Da na gaya wa Yaya Usman, ya ce, "Haram! Daidai yake da sha a kwanon azurfa."

Na ce a hankali, "Yaya, malami ɗaya ya karantar da mu. Magani ne, ba ado ba. In ka ƙi, zo ka riƙa ɗanɗana mata kunun kullum."

Alhamis za a auna bakina don sababbin haƙoran, in sha Allah.