Na aika wa ɗan farina cewa na gani, alhali allon bai kawo ba

Wata baiwar Allah ce ta turo wannan daga Kaura Namoda, ta roƙi a sakaya sunanta. A tausasa harshe a kwament.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau ga ni a layi. Don girman Allah ku taimaka mini da shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, mai taifin ce ni, in na fara buga abu ba na sanin tsayawa, ga shi gidan babu kowa da zan faɗa wa.

Na ba shekara hamsin baya. Maigidana ya rasu shekara shida ke nan, shi ya buɗe ɗan shagon taifin da ke jikin gidanmu, shi ya koya mini aikin, da ya rasu na ci gaba. Tambayoyin jarabawar makarantu, katin biki, sanarwar ƙungiyar direbobi, duk ni nake bugawa. 'Ya'yana biyu ne a raye. Macen tana aure a Shinkafi, kun san yadda hanya take yanzu, sai mu yi wata huɗu ba mu ga juna ba sai dai waya. Namijin shi ne ɗan farina, yana aikin kwamfuta a Kaduna, kuma a kansa maganar take.

Asalinmu mutanen Gurbin Bore ne ta wajen Zurmi, mahaifiyata Bafulatana ce, a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye shi Inna, wato mahaifiyata, ta ɗauke shi, a hannunta ya girma, ita yake kira Inna, ni kuwa Adda yake ce mini kamar yayarsa. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko a cikin mutane ko mu biyu, sai dai in ce yaron nan ko na wajen Inna. In ya zo gaishe ni a bakin ƙofa yake durƙusawa, in amsa ina kallon wani wuri, in ce a kai masa abinci, shi ke nan hira ta ƙare. Ban taɓa kiransa a waya ba, shi ma bai taɓa kirana ba, duk wani saƙo ta bakin ƙanwarsa yake bi. Kar wani ya ce ba na sonsa, wallahi in ya koma sai in shiga ɗakin da ya sauka in zauna ni kaɗai. Haka na ga Inna ta yi wa yayana, ban san wata hanya ba.

To wata uku da suka wuce kwamfutar shagon ta mutu, akwatin ne ya ƙone, allon dai lafiyarsa lau. Na faɗa wa ƙanwarsa a matsayin hira, ita kuma bakinta ba ya riƙe magana, ta kai masa. Ya tambaye ta ko ina da allo, ta ce ina da shi. Bai tambayi wane iri ba, kuma ina zai sani, bai taɓa taka cikin shagon ba in ina ciki. Bayan sati ɗaya direba ya kawo mini kwali daga tasha. Na buɗe na ga wata 'yar kwamfuta da ba ta fi kwalin sukari ba, da sabon kibod da maus, har sai da na yi dariya ni kaɗai, na ce wannan ce za ta yi aikin da wancan jibgegen akwatin yake yi?

Na ɗauko wayar allona, irin mai shuɗin kai ɗin nan mai kusa biyu da ake murɗawa, wadda ake ce wa VGA, na juya 'yar kwamfutar gaba da baya, babu inda za ta shiga. Ramuka biyu ne siraran nan na HDMI. Allon kuma tsoho ne mai kusurwa huɗu, tun na maigidana, rami ɗaya gare shi tal. Ga shi da shi idona ya saba, har tabon da ke gefensa na san ranar da ya same shi. Na kunna ta haka nan, 'yar fitila ta kawo, tana ta aikinta a ciki, ni kuma ina zaune a gaban baƙin allo.

Washegari ƙanwarsa ta kira, ta ce yana tambaya ko kaya sun iso, kuma ko na kunna na ga abin da ke ciki. Ni na ɗauka manhajojin taifin yake nufi. Kuma ku gaya mini, ta yaya zan aika wa ɗan fari cewa kyautarsa ba ta yi ba? A wajenmu kamar roƙo ne, kamar ina cewa ya ƙaro. Sai na ce mata, ki ce masa na gani, an gode, Allah ya yi albarka. Na ce a raina ai kwana biyu ne in samo waya, ƙaryar ta zama gaskiya.

Kwana biyun nan su suka zama wata biyu da rabi. Girman kai ya hana ni zuwa wajen masu gyara na nan garin, da yawansu a shagonmu suka fara taɓa kibod, kuma ina tsoron magana ta zaga ta kai Shinkafi, daga Shinkafi kuwa Kaduna ta kai. Sai na ba wani direba mai zuwa Gusau saƙo, na ce waya mai shuɗin kai a gefe ɗaya, siririn kai a ɗaya gefen. Ya kawo, ta shiga ko'ina daram, har na yi hamdala, na kunna, allo ya rubuta No signal ya koma barci. Aka ce mini ai wayar zalla ba ta yi, sai mai ɗan akwati a jiki, kanbata. Na sake ba shi saƙo, ya kawo wata mai ɗan akwati har da wutsiyar caji, ita kuma ko shiga daidai ba ta yi ba sai da na haɗa da wata wayar, nan ma shiru. Ta uku da aka kawo sai allon ya yi ƙyafta kamar zai kawo, sai ga wani ɗan rubutu yana yawo a kai, Out of range. Na zauna ina kallonsa yana yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai na ji hawaye, ban ma san takamaiman me nake yi wa kuka ba.

Duk wannan lokacin shagon a rufe yake, malamai suka zo da tambayoyin jarabawa na ce ba ni da lafiya, suka kai wani wuri. Da shagon ne nake ganin mutane, da aka rufe sai in wuni ban yi magana da kowa ba sai mai kawo ruwa. Na kuma lura da wani abu. Da duk Juma'a ƙanwarsa takan ce yana gaishe ni, yana tambayar ƙafata, yana tambayar ko rufin ɗaki ya daina yoyo. Tun ranar da na aika da na gani, sai gaisuwar ta koma yana gaishe ki kawai, daga baya ma sai na tambaya da dabara, in ce mutanen Kaduna lafiya dai? Sallah ta zo bai zo ba, wai hanya. Na ce aiki ne ya yi masa yawa.

Satin da ya wuce na gaji, na naɗe allon a zane, na sa 'yar kwamfutar da wayoyin uku a jaka, na hau Keke Napep zuwa wajen wani dattijon mai gyara da ke bayan kasuwa, abokin maigidana ne. Ya baje wayoyin a tebur yana girgiza kai. Ya ɗaga ta biyun ya ce, "Hajiya wa ab ba ki wagga? Ai baibai ta, ta tsohuwar kwamfuta ce zuwa sabon allo, ke ko akasin haka kika so. Mi ya hana ki zakuwa tun farko?" Na ce masa ƙafa ce. Ya ce ta ukun ita ce daidai, sai dai hoton da sabuwar take turowa ya fi ƙarfin tsohon allon, dole a rage masa girma, kuma ba a iya ragewa sai ana gani. Ya jona nasa sabon allon a rami ɗaya, nawa a ɗayan, ya danna nan ya danna can, ko minti goma ba a yi ba sai ga allon maigidana ya kawo haske tas.

A tsakiyar allon akwai fayil guda ɗaya, an rubuta masa suna, Adda ki karanta. Dattijon ya gani, ya kawar da kai kamar bai gani ba, ya ce in kashe in tafi gida in gwada. Allah ya saka masa da alheri.

Na dawo gida na jona, na buɗe. Shafi ɗaya ne da rabi. Ya ce ya rubuto ne saboda ya san takarda ce kaɗai zan iya kallo ido da ido. Ya ce bai taɓa jin haushina ba, ya san al'ada ce, Inna ta riƙe shi da kyau, amma tun yana ƙarami in sun zo Kaura yakan tsaya a bayan tagar shago yana jin ƙarar kibod ɗina, yana so in ɗago in ce ya shigo. Ban taɓa sani ba, wallahi ban taɓa sani ba. Ya ce matarsa tana da ciki, kuma yana tsoron ranar da za a miƙo masa ɗansa na fari, don bai san yadda ake yi ba, ya kawar da kai ne ko ya rungume. A ƙarshe ya rubuta, "Adda in kin karanta ki kira ni da kanki, ko gaisuwa ce kaɗai. In kuma kin aiko da amsa ta bakin ƙanwata kamar kullum, na gane, ba zan ƙara takura miki ba."

Jama'a ni kuma abin da na aika masa ke nan ta bakin ƙanwarsa, na gani, an gode, Allah ya yi albarka. Wata biyu da rabi yaron nan yana zaune da cewa na karanta wannan takarda na ce an gode.

Tun ranar ban da sukuni. Na buɗe shagon amma sai in buga layi biyu in koma in buɗe takardar. Na ɗauki waya ya fi sau goma, da na tuna zai ɗauka ya ce Adda sai in ajiye. Shekara talatin da uku ban taɓa haɗa jimla biyu da shi ba, yanzu kuma farkon maganata ta zama cewa na yi masa ƙarya? Kuma in ce masa waya ce ba ta shiga rami ba, shi da kwamfuta ce aikinsa, anya ba zai ɗauka uzuri na ƙirƙiro ba? Na yi tunanin in faɗa wa ƙanwarsa gaskiya ta yi masa bayani, sai na tuna wannan hanyar ce ya ce in na bi ya gane amsata. Na yi tunanin in buga masa takarda ni ma in ba direba, a nan dai bakina yake buɗewa, har na fara na goge, amma kira ya roƙa, ba takarda ba.

Ga kuma Inna, tana nan da ranta a Zurmi wajen ƙanena, ta tsufa amma hankalinta garau. A wajenta yaron nan ɗanta ne, ni haihuwa kawai na yi. Na ɗan taɓo mata zancen a waya ba tare da na faɗi komai ba, na ce yaran yanzu wai suna so iyaye su riƙa kiransu, sai ta ce, "Ke dai kar ki watsa muna ƙasa a ido da tsuhwanki." Na san in ta ji na kira shi za ta ce na zubar da kunya, kuma ina son in ƙwace mata ɗa a ƙarshen rayuwarta. Ba na son in ɓata mata, ita ma ba ta da kowa kamarsa.

Jiya ƙanwarsa ta ce mini watan haihuwar matarsa ya kama, ko yau ko gobe. Ba shi ya aiko a faɗa mini ba, a bakin matar ta ji.

Don Allah ku ba ni shawara, musamman iyaye mata da suka tashi cikin irin wannan kunyar, da ku 'ya'yan fari da aka yi wa ita. In kira shi kafin a haihu, ko in fara aika takardar ta share mini hanya? In faɗa wa Inna ko in yi shiru? Kuma in ya ɗauka, da me ake farawa? Ina tambaya da gaske ne, ku rubuto mini kalmomin da zan fara faɗa, in ya so in buga su a takarda in riƙe a hannu ina karantawa, don ni ban san yadda uwa take cewa ɗanta sannu ba.