Lallen Hajara

Laraba da dare, unguwar New Bell

Lallen da matata Hajara ta dasa a bokiti yana mutuwa. Tun rasuwarta a kansa nake alwala sau biyar kullum, ga ruwan Douala ba ya ɗaukewa. Da ganyen ya fara zuba sai na ƙara masa.

Yau ƙanwarta Ladi ta tura yatsa cikin ƙasar, ta shinshina. "Haba Yaya, itacen arewa ne fa. Ba ƙishi yake ji ba, ruɓar da shi ka yi."

Duk karatun da na yi, wannan ban sani ba.

Mun yanke ruɓaɓɓun saiwoyi, muka zuba yashi. Saiwa ɗaya ce fara. Ta ce in ƙyale shi mako guda. Shi kaɗai ya rage mini in kula da shi, shi ma an ce in ƙyale.