Gaisuwar Tsaye

Galtimari, Litinin

Muhsinat,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Na rubuto ne don wannan magana ba ta waya ba ce. An gaya mini ranar sunan da aka yi a Yerwa kin gaishe da surukarki, Ya Gumsu, a tsaye, kin miƙa mata ruwa kamar mai sayar da katin waya. Yanzu dangin mijinki na cewa aikin koyarwa ya sa miki girman kai. Ban haifi 'yar da ba ta durƙusa wa manya ba. Ki je ki ba ta haƙuri.

Mahaifiyarki,
Hajara

Zabarmari, Alhamis

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Wallahi ba raini ba ne. Shekara biyu ke nan gwiwata ta dama tana ciwo, da safe sai ta sandare kamar itace. An yi mini hoto, likita ya ce jijiyoyin da ke riƙe gwiwar sun lalace, sun saki. Ya hana ni durƙuso, salla ma a kujera nake yi. Kunya ce ta hana ni faɗa a cikin taro.

'Yarki,
Muhsinat

Galtimari, Asabar

Muhsinat,

Na ga takardarki. Ku yaran yanzu kowane lalaci sai kun samo masa takardar likita. Ni shekara ashirin ina fama da gwiwa, man zafi kawai nake shafawa, kuma ban taɓa gaishe da babba a tsaye ba. Ciwo daban, tarbiyya daban. Tunda ba za ki je ba, gobe ni zan je in wanke sunan gidanmu.

Hajara

Galtimari, Talata

Muhsinat,

Ina fatan kin tashi lafiya. Na je Yerwa. Na durƙusa har ƙasa na ba da haƙuri yadda ya kamata. Da na zo tashi, gwiwa ta ƙi. Mata biyu ne suka ɗaga ni. Ya Gumsu ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Hajara, ashe gado yarinyar ta yi!" Sannan ta nuna mini kujerar da ita ma take salla a kai.

Ta ce ki zo, ki gaishe ta yadda ƙafarki ta iya. Amma laifin ɓoyewa yana nan a kanki.

Wace rana likitan naki yake ganin mutane?

Mahaifiyarki,
Hajara