Nonon Mai Wankan Gawa

Yaya Tekusa,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya a Kankiriya. Ni ce Zosima, daga Korinti. Mai rubutun bakin kasuwa nake faɗa wa, yana rubuta miki.

Na haihu, mace. Aka ajiye ta a gaban mijina Diyodoro yadda aka saba, ya dube ta, ya ƙi ɗauka. Ya sa bawansa ya kai ta juji, bayan majema. Da na iya miƙewa na je, babu ita. Wata mai tuya ta ce matan nan masu bin Almasihu sun ɗauke ta, tana gidan wata Filumena.

Na je gidan. Yaya, tir! Filumenan nan mai arziki ce fa, amma tana zaune a ƙasa da bayi, da mai kwasar kashi, da wani mai gyambo. A ƙoƙo ɗaya suke sha. Ita ke jan addu'a, maza na cewa amin. 'Yata kuwa na bakin nonon Kaliya, mai wankan gawa!

Na ce a ba ni abata. Filumena ta ce, "Taki ce, 'yata, ɗauki. Ina za ki kai ta?" In Diyodoro ya gan ta, juji za ta koma, ni ma sai ya kusa kashe ni. Yaya zan yi?

Ƙanwarki.

*

Zosima,

Bayan gaisuwa. Saƙonki ya iso. Abin da uba ya ƙi ɗauka ba ɗa ba ne, ni ma an yar min da biyu, ban bi su juji ba. Yarinyar da ta sha wannan nonon ta ƙazantu. Ki yi wanka, ki kai hadaya, kada ki sake taka gidan. In kika sha a ƙoƙon nan, kada ki ƙara ce min Yaya.

Ki zauna lafiya.
Tekusa

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na koma gidan Filumena. Nono ya cika min, rigata jagab. Kaliya ta ce, "Ke amarya, kina ta toshe hanci, madara na zuba a banza!" Ta miƙo min 'yata, sai ga wani ɗan a ɗaya hannun, tsintar jiya, duk ƙuraje. Na ce ɗan wa? Filumena ta ce, "Allah bai tambaya ba da ya karɓe shi."

Wari, Yaya! Na kau da kai na ba ɗan nono. Ya kama kamar zai cinye ni.

Na bar musu 'yata, kullum ina zuwa da sunan ɗebo ruwa. Ƙoƙon ma ya zo kaina. Na rufe ido na sha.

Gaya min sunan jujin da aka kai naki biyun. Filumena ta ce za ta tambaya ko wani ya tsince su.

Ƙanwarki, ko kin ƙi.