Na Hau Dutsen, Amma Hanyar Ba Tawa Ba Ce

Goggo Balaraba, don Allah ki agaje ni da shawara, na rasa wanda zan kai wa maganar nan a unguwarmu ba tare da an yi mini dariya ba. Ki yi haƙuri in na cika ki da surutu. Murna ce ta yi mini yawa, kuma ita ce ta jefa ni cikin halin da nake ciki.

Da can ni direban tifa ne a wani kamfanin haƙar kuza da ke Bukuru. A shekarar da aka ba mu jihar Filato motar ta kife da ni, ƙafata ta dama ta karye. Ƙashi ya haɗe, amma gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, na koma gida Kwararafa ina jan ƙafa. 'Yan majalisarmu, mutanen da muka tashi tare, suka raɗa mini suna Oga Sannu. Ina taya su dariya, amma Allah ya sani abin yana cina a rai.

Maƙwabcina Livinus, mai sayar da kayan keke, shi ya jawo wani tsohon keke ƙirar Rali daga bayan shagonsa, ya sa masa tayoyi masu kauri da sabon birki, ya kwance duk wani ƙarfen da ba dole ba, ya ce in riƙa murzawa ko gwiwar za ta saki. To, a ina zan murza? Na gwada titin Bukuru, saura kaɗan 'yan'uwana direbobi su ƙarasa aikin da tifa ta fara. Na gwada filin ƙwallo, a kwance yake kamar faifai, ga 'yan kallo. Sai na tuna da tsofaffin hanyoyin kuza, waɗanda na sani kamar yunwar cikina, masu zagaya tulin jar ƙasa da tafkuna. A can gwiwar ta fara jin magana. Da ta saki sai idona ya buɗe, na fara hangen wani dutse ta wajen hanyar Vom, wanda na sha kallo daga cikin mota.

Ran nan da daminar bara na nufe shi. A gindinsa na tarar da wata ciyawa kore shar, mai laushi, na ce Allah ya shimfiɗa mini darduma. Na ratsa ta tsakiya, daɗi ya ɗebe ni, na juyo na sake ratsawa. Sai ga wani dattijo ya fito daga bayan shingen kyarana, hannu biyu a ka. Goggo, ashe gonar acca ce! Tun ina yaro nake shan gwaten acca, amma ban taɓa ganinta a tsaye ba. Sunan dattijon Gyang, mutanen ƙauyen suna ce masa Da Gyang, wato yadda Birom ke girmama babba. Bai zage ni ba. Durƙusawa ya yi yana tayar da abin da na kwantar, ni kuwa da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da kaka ta yi na koma da laujena na taya shi yanka, matarsa tana ta dariyar yadda nake ɗaurin dami. Ranar da muka gama ya ja ni ya nuna mini wata siririyar hanya da matansu ke bi ɗebo itace, ta ratsa gonaki, ta kutsa tsakanin manyan duwatsu biyu har ƙololuwa. Ya ce in riƙa zuwa ni kaɗai, kuma muddin akwai amfani a gona in sauka in tura keken sai na wuce shinge. Na ba shi hannu a kan haka.

Na faɗi a hanyar nan ban san iyaka ba. Amma a watan jiya, Goggo, daga shinge har ƙololuwa na hau ban sa ƙafa a ƙasa ba! Ni, Oga Sannu! Daga sama na hango Bukuru gaba ɗaya, tafkunan kuza suna ƙyalli, shanun Fulani ƙanana kamar tumaki. Na zauna a kan dutse na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. A gangarowa kuwa ihu na riƙa yi iska na cika mini riga, wanda ya gan ni zai ce sabon kamu ne.

Sai bakina ya ja mini. Na ba da labari a majalisa, suka ce ƙarya nake. Ishaku mahauci har ya rantse in da gaske ne zai zagaya kasuwa ba hula. Shi kuma Livinus murna ta sa ya shaida wa duk wanda ya shigo shagonsa, yanzu ya tara samari masu keke sun fi goma, wai ran Lahadi in ja su mu je. Ga accar bana ta nuna, ta sunkuyar da kai, ko taɓa ta ka yi sai ta zube. In na ƙi, na kunyata mutumin da ya tsayar da ni da ƙafata, kuma sunan nan ya zauna mini har kabari. Zuciyata tana raya mini cewa ran Lahadi da hantsi duk ƙauyen suna coci, mu bi a hankali mu dawo ba wanda ya sani. Yaya zan yi?

Mai Dokin Ƙarfe, Kwararafa, Jos.

Malam Mai Dokin Ƙarfe,

Barka, barka! Na karanta wasiƙarka ina murmushi, wajen hawan nan kuwa har tafi na yi ni kaɗai a ofis. Mutumin da aka ɗauke shi ranga-ranga daga ƙarƙashin tifa, yau ga shi a kan dutse da ƙarfin cinyarsa, ai ya isa ya yi ihu. Son a shaida nasararka ba laifi ba ne, wanda aka daɗe ana yi wa dariya dole ya so ranar da bakin mutane zai mutu. Livinus ma yana da haƙƙi a kanka, ban musa ba.

Amma dabarar nan ta ran Lahadi ka tofar da ita. Shiga gonar mutum lokacin da ka tabbata yana wurin ibada, ka san sunan abin, ba sai na faɗa maka ba. Karon farko rashin sani ne, aka yafe maka, har aka ƙara maka da kyauta. Wannan karon da idonka biyu za ka yi. Kuma samari goma a kan keke ba su san wani abu wai shi a hankali ba. Abincin shekara na gidan dattijon nan ne a gefen hanyar, sawun taya kuwa ba ya ɓuya.

Ka je wurin Livinus yau, ka ba shi labarin duka, har da na dardumar da ka ratsa, don ina zargin wannan ɓangaren ka tsallake shi a majalisa. Mutumin da ya gyara maka keke don ya ga ka miƙe ba zai so ka zubar da mutuncinka saboda shi ba. Ran Lahadi ka ja samarin zuwa hanyoyin kuza da ka ƙware a kai, akwai hawa da gangara da za su ishe su, sai dai ka ja musu kunne su nisanci bakin tafkunan nan, zurfinsu ba na wasa ba ne.

A tsakiyar mako kuma ka ɗauki goro da ɗan gishiri ka je ka gai da Da Gyang. Ka gaya masa bakinka ya yi tsawo, ka ce kana da majiya ƙarfi in yana son hannu ranar yankan acca. Wanda ya sunkuya a gonar shi ne zai san darajar hanyar. Bayan an kwashe amfani sai ka roƙe shi izinin kawo mutum biyu ko uku, har da Ishaku, mu ga yadda kansa yake ba hula.

In kuwa dattijo ya ce a'a, to a'a ɗin ce, ka yi godiya ka ci gaba da hawanka kai kaɗai. 'Yan majalisa su yi ta ƙaryatawa, kai ka san inda ka taka. Dutse ana sake hawansa gobe, amma in ka ci amanar wanda ya nuna maka hanya, ba za ka ƙara iya ɗaga ido ka gaishe shi ba.

Allah ya ƙara wa gwiwa ƙarfi, ya tsare hawa da sauka.

Taka,
Goggo Balaraba